Sulke da Ƙasa: Sharhi kan Kurakuran Sadarwa a Wayar Kwamfuta Mai Sulke

Rijiyar Zaki, wadda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo, tana kan Titin Gwarzo tsakanin Kabuga da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, kuma tana cikin unguwannin da suka fi nuna yadda birnin Kano yake cin gonakin da ke kewaye da shi, domin filayen gero da dawa da gyaɗa sun koma fulotai, fulotan kuma sun koma makarantu masu zaman kansu da ɗakunan kwanan ɗalibai da ƙananan asibitoci da shagunan kwamfuta. Da yawa daga waɗannan wurare suna buƙatar haɗa kwamfutocinsu da waya, buƙatar kuma ta ƙaru a duk faɗin ƙasa tun 2015, shekarar da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, daga baya kuma ta gindaya wa cibiyoyin da take amincewa da su sharaɗin samar da kwamfuta 250 da aka haɗa da waya. A irin wannan zaure, tsaikon minti biyu yana iya taɓa makomar ɗalibi, saboda haka mai cibiya yakan nemi waya mafi tsada da aljihunsa zai ɗauka, kuma sau da yawa mai shago a Titin Beirut ko Sabon Gari yakan nuna masa waya mai sulke a matsayin maganin kowace matsala. Abin da wannan sharhi yake son bayyanawa shi ne dalilin da ya sa kurakurai suke ci gaba, wani lokaci ma su ƙaru, bayan an shimfiɗa wannan waya, da kuma hanyar da ma'aikaci zai bi ya gano tushen cutar kafin ya kashe kuɗi a kan magani.

Abin da ake nufi da kuskuren sadarwa

Na'urar da ake kira suwic akwati ne mai kafofi da yawa, yawanci 8 ko 24 ko 48, wanda kowace kwamfuta take shiga ta kafarta, shi kuma ya karɓi saƙo daga wannan ya miƙa wa waccan. Yaren da waɗannan na'urori suke magana da shi shi ne Ethernet, wanda Robert Metcalfe ya faro a cibiyar bincike ta Xerox a Amurka a 1973, cibiyar injiniyoyi ta IEEE kuma ta tsara masa ƙa'ida mai lamba 802.3. A wannan tsari ana yayyanka bayani ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bai gaza bait 64 ba kuma bisa asali bai wuce bait 1518 ba, ciki har da bait 4 na lissafin tantancewa da ake kira CRC, waɗanda ake liƙawa a ƙarshensa. Na'urar da ta karɓi ƙunshin takan sake yin lissafin da kanta, idan amsarta ta saɓa da wadda aka liƙo sai ta gane cewa wani abu ya gurɓace a hanya, ta jefar da ƙunshin, ta ƙara ɗaya a lissafin kurakuran wannan kafa. Ba ta sanar da kowa, kuma tsarin TCP da ke sama da Ethernet shi ne yake lura da giɓin ya sake aikowa, abin da ya sa mai amfani da kwamfuta ba ya ganin kuskuren da idonsa, sai dai ya ga shafi yana nauyi ko tambaya ta ƙi buɗewa, ya ce netwok ba kyau.

Ƙa'idar gudun gigabit a wayar jan ƙarfe, wadda aka amince da ita a 1999, ta ɗauka cewa kuskure ba zai wuce ɗigo ɗaya cikin biliyan 10 ba, amma waya mai lafiya takan yi makonni lissafinta yana kan sifili. Saboda haka duk kafar da lissafin CRC ɗinta yake hawa ba tsayawa tana faɗin cewa akwai matsala a jiki, wato a waya ko a kan waya ko a kafar kanta ko a abin da ke kewaye da su.

Tufka ce kariya ta farko

A cikin wayar sadarwa akwai silili takwas na jan ƙarfe da aka tufke bibbiyu, kamar yadda ake tufka igiyar rama, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881 domin wayar tarho. Saƙo yana tafiya a sililin biyu a lokaci guda, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa. Idan wata hayaniyar lantarki ta kutso daga waje, tufkar takan sa ta faɗa wa sililin biyu daidai wa daida, sai ta soke kanta a wajen lissafin bambanci. Bayan haka, a bayan kowace kafa akwai 'yar ƙaramar taransifoma da ta raba sililin da cikin na'ura, wadda ƙa'ida ta ce ta jure bolt 1500. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa waya marar sulke, wadda ake rubuta wa U/UTP, take aiki lafiya a mafi yawan ofisoshin duniya.

Sulke ƙari ne a kan wannan. A nau'in F/UTP an naɗe dukkan sililin da siririn fallen alminiyon guda ɗaya, tare da wani silili tsirara da ke bin jikin fallen domin a sami abin kamawa, a nau'in S/FTP kuwa kowace tufka tana da nata fallen sa'annan a lulluɓe su duka da saƙar ƙarfe. Amfaninsa ya fi bayyana a gudun gigabit 10, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2006, inda wayoyin da aka ɗaure a dami ɗaya suke kutsa wa juna, da kuma a masana'antu masu manyan injuna. Yana da wata fa'ida da ta dace da Kano musamman, domin ƙa'idojin waya an auna su ne a zafin digiri 20, kuma asarar ƙarfin saƙo a hanya tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya da aka ƙara a waya marar sulke, ya kai 0.6 idan zafi ya wuce digiri 40, alhali a mai sulke kimanin 0.2 ne kawai. Wanda ya taɓa shiga tsakanin silin da kwano a watan Afrilu ya san cewa wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wayar da ta kusa cika iyakar mita 100 da aka yarda da ita, wato mita 90 a cikin gini da mita 10 na gajerun wayoyin haɗi.

Sai dai akwai wata gaskiya da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Sililin saƙo takwas suna da taransifomar da ta raba su da jikin na'ura, amma sulke ba shi da ita, domin kai tsaye yake taɓa jikin ƙarfen suwic a wannan gefe da jikin ƙarfen wata na'ura a wancan. Da zarar an shimfiɗa shi ya zama wani ɓangare na wayar ƙasa ta ginin, wadda masu aikin wuta suke kira atin, kuma duk lalurar da ke jikin atin ɗin ta zama tasa.

Ƙasar Kano da wutar Kano

Ana yin atin ne ta hanyar kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe a cikin ƙasa a haɗa ta da ƙafa ta uku ta kowane soket, domin wutar da ta ɓata hanya ta sami mafita mai sauƙi. Ingancin sandar ya dogara da danshin ƙasa, ƙasar kewayen Kano kuwa jigawa ce mai rairayi, a wurare da dama da marmara a ƙarƙashinta, kuma daga Oktoba zuwa Mayu kusan ba ta ganin ruwan sama. Sandar da ta ba da kyakkyawan awo a watan Agusta tana iya zama kusan ba ta aiki a ƙarshen rani, kuma a shekarun nan a daidai wannan lokaci, cikin Afrilu zuwa farkon Mayu, ake rubuta jarrabawar JAMB. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin sanda tana rage matsalar na ɗan lokaci, amma gishirin yakan wanke ya kuma ci ƙarfen, ta yadda bayan 'yan shekaru abin da ya rage a ƙasa tsatsa ce. Ban da wannan, a gine-gine da yawa da aka yi wa wayarin cikin gaggawa, idan aka kwance soket sai a tarar ƙafa ta uku ba a haɗa ta da komai ba.

Ana iya ganin sakamakon wannan da hannu. Akwatin wutar kwamfutar tebur yana da ƙananan matatai da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfe, bisa zaton cewa atin zai kwashe ta. Idan babu atin, jikin kwamfutar yakan tsaya a kusan rabin ƙarfin wutar gida, wato wajen bolt 115 daga 230, ko da yake ba shi da ƙarfin da zai yi lahani mai yawa, kuma shi ne ɗan jan da mutum yake ji idan ya taɓa bayan kwamfuta ba takalmi. Idan aka haɗa kwamfutoci masu yawa irin wannan da waya mai sulke zuwa suwic guda, wutar da kowace take zubarwa takan bi sulken ta taru a jikin suwic, ta mayar da abin da aka sayo domin kariya magudanar wuta.

Ga kuma yawan mafarin wuta. Gini ɗaya yakan sha daga KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ya sha daga janareta, ya sha daga inbata da sola, kuma kowanne wani ma'aikaci daban ne ya haɗa shi a shekara daban, wani da sandarsa wani babu. Idan aka ja waya mai sulke daga ofis zuwa wani ɓangaren makaranta mai sanda daban, bambancin ƙarfin wuta tsakanin sandunan biyu yakan tura wuta ta cikin sulken, abin da ya sa ƙa'idojin shimfiɗa waya suka iyakance wannan bambanci a bolt 1. Wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa ba ita ce ta fi ɓata saƙo ba, domin tufka da taransifoma suna iya da ita. Abin da ya fi illa shi ne hayaniya mai saurin bugu da inbata marar inganci take fitarwa, da fizgar da ake samu lokacin juya wuta daga janareta zuwa KEDCO, da tashin famfon rijiyar burtsatse ko injin niƙa ko na'urar walda a maƙwabta, sai kuma tsawar farkon damina, wadda takan ƙone kafofi a jere ta hanyar wayar da ta ratsa tsakar gida.

Saɓanin masana kan haɗa sulke

Masu wannan sana'a sun daɗe suna jayayya kan ko a haɗa sulke da ƙasa a gefe ɗaya ko a gefe biyu. Masu ra'ayin gefe ɗaya suna cewa hakan yana yanke zagayen da wuta za ta bi, ra'ayin da aka gada daga aikin kayan sauti, inda gurnanin wutar gida ne babban abokin gaba. Masu ra'ayin gefe biyu suna cewa hayaniya mai saurin bugu ba ta tsaruwa da kyau sai sulke ya zama rufaffen bututu tun daga jikin wannan na'ura har jikin waccan. Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa sulken da ba a haɗa ba yana zama eriya mai janyo hayaniya, wanda wasu masu ƙera waya suke ganin an zuzuta shi, tun da tufka mai kyau tana ci gaba da aikinta ko da sulken yana lilo. Abin da ƙa'idojin duniya irin su ISO/IEC 11801 da TIA-607 suka tsaya a kai shi ne a haɗa sulke a allon haɗi da ke ɗakin na'urori, a haɗa allon da akwatin ƙarfen da ke ɗauke da shi, a haɗa akwatin da atin guda ɗaya na ginin, sa'annan sulken ya ci gaba ba yankewa har ƙarshe. Idan aka lura, duka ɓangarorin sun ɗauka cewa ginin yana da atin mai lafiya, kuma a nan ne jayayyar take rasa amfani ga ginin da ba shi da shi. Ga irin wannan gini, zaɓi biyu ne na gaskiya: a gyara atin tukuna, ko a yi amfani da waya marar sulke mai inganci a cikin gini, a sa wayar faiba, wadda gilashi ce da ba ta ɗaukar wuta, tsakanin gini da gini.

Bin sawun kuskure

Bincike yana farawa ne daga karanta lissafi, wannan kuma yana buƙatar suwic mai ba da damar shiga cikinsa, domin mai araha da ba a iya shiga ba ya nuna komai sai fitila. A na'urorin Cisco umarnin show interfaces yana nuna lissafin kowace kafa, a kwamfuta mai Linux kuma ethtool yana yin irin wannan aiki. Ana share tsohon lissafi a fara ƙirga sabo, a duba gefe biyu na wayar, tun da mai karɓa ne kawai yake ganin kuskure, sa'annan a bambance nau'o'insa. Hawan CRC yana nuni ga waya ko hayaniya. Ƙunshin da aka zubar a wajen fita alama ce ta cunkoso, kuma canza waya ba zai taɓa shi ba. Karon da ya zo a makare, wato bayan bait 64 na farko, yawanci yana nufin gefe ɗaya yana magana da sauraro a lokaci guda alhali ɗaya gefen an saita shi ya yi ɗaya bayan ɗaya, gyaransa kuma a saiti yake. Kafar gigabit da ta koma gudun megabit 100 tana nuna cewa wata tufka ta katse, domin gigabit yana buƙatar tufka huɗu, megabit 100 kuwa biyu sun ishe shi.

Daga nan sai a tambayi wuri da lokaci. Kuskuren kafa ɗaya na wayarta ne, kuma ana tabbatarwa da canza abu ɗaya a lokaci guda: gajeriyar wayar haɗi da farko, sa'annan kafar, sa'annan kwamfutar, a ga ko kuskuren ya bi wayar ko ya tsaya a kafar. Kuskuren da ya kama kafofi da yawa tare yana nuni ga wuta ko atin ko suwic ɗin kansa. Littafin da ake rubuta lokacin da aka tayar da janareta, da lokacin da aka kunna famfo, da lokacin da lissafi ya yi tsalle, yakan warware abin da tsadaddiyar na'ura ba ta warware ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ya dace da wannan matsala: a maye gurbin gajeriyar waya mai sulke da marar sulke a gefen kwamfuta, idan kurakurai suka tsaya to an san wuta tana bin sulken, sai a auna bambancin da ke tsakanin sulke da atin na soket da mita.

Kan waya shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Idan aka yanke kan da ake zargi aka duba shi a haske, sau da yawa za a ga an datse fallen alminiyon tare da rigar roba an yar, an bar sililin tsirara yana reto, an matse wayar a kan RJ45 na roba wanda ba shi da rigar ƙarfe, ta yadda sulken da aka biya kuɗinsa ya ƙare kafin ya taɓa komai. Daidai shi ne a naɗe fallen baya, gefensa mai ƙarfe yana waje, ya rungumi rigar ƙarfen kan ta kowane gefe, kuma kada a warware tufka fiye da milimita 13. Wani kuskuren kuma shi ne raba tufka, domin fil na 3 da na 6 tufka ɗaya ce a tsarin T568A da T568B, wanda kuwa ya jera launuka yadda ya ga dama a gefe biyu zai ga ƙaramar na'urar gwaji ta kunna fitilu takwas lafiya, alhali sililin suna kutsa wa juna. Lanƙwasa mai tsanani tana yaga falle, ɗaurin da aka tsuke yana murƙushe tufka, ɓera yana ci a cikin silin, wayar da aka jera da ta wuta a bututu ɗaya kuma tana shan hayaniya a duk tsawon tafiyarta, shi ya sa ake raba su, inda dole su haɗu kuma su gitta wa juna.

Sai ingancin wayar kanta. Kasuwa ta cika da wayar alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ake kira CCA, da tambarin Cat6 a kwalinta. Alminiyon yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin ɗari ne na wutar da jan ƙarfe yake ɗauka, yana da saurin karyewa a wurin matsi, kuma yakan yi zafi idan ana tura wa kyamarar tsaro wuta ta cikinsa. Babu ƙa'idar da ta amince da shi, kuma gane shi ba wuya: a kankare silili da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja to an gane. Araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba hujja ba ce, domin ana samun irin wannan waya da falle a jikinta ana sayar da ita da sunan mai sulke.

Abin da ya kamata ya sauya

Mafi yawan wannan wahala tana fitowa ne daga raba aiki biyu da ya kamata su tafi tare, inda mai wayarin wuta yake gama nasa ya tafi, mai haɗa kwamfuta ya zo bayan shekara, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa inda sandar ƙasa take. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce da alhakin duba ingancin wayarin wuta, amma mai makaranta ko asibiti ba sai ya jira ta ba kafin ya sa a auna atin ɗinsa, kuma lokacin awon shi ne Maris ko Afrilu, sa'ad da ƙasa ta fi bushewa. Ya dace kuma ya rubuta a yarjejeniyar aiki cewa ba zai biya cikon kuɗi ba sai an miƙa masa sakamakon gwajin kowace waya da lambarta, an haɗa janareta da inbata da akwatin na'urori a atin guda, an kuma nuna masa lissafin suwic yana kan sifili bayan yini guda ana aiki a kan kowane mafarin wuta. Makarantun da ke horar da matasa a Kano, daga Jami'ar Bayero da cibiyar Digital Bridge har zuwa shagon da yaro yake koyon sana'a a hannun maigidansa, za su yi wa unguwanni irin Rijiyar Zaki babban aiki idan suka koyar da auna atin a rana ɗaya da matse kan waya, domin ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawa ya dogara da duka biyun.